Canza Tagar Roba a Jirgin Ruwa Mai Filafilai: Tambayoyi da Amsoshi

Tagar da ake magana a kanta a nan ita ce wadda ba a buɗewa, wadda aka manna ko aka ɗaure da sukuru a jikin ɗakin jirgi don haske kawai. A ƙananan jiragen shaƙatawa da na tsere, irin waɗanda kamfanoni kamar Beneteau da Jeanneau na Faransa ko Catalina ta Amurka suka ƙera da faiba (zaren gilashi da aka daskarar da gam), galibi ba gilashi ba ce, roba ce mai garai-garai. Wata tana da firam na alminiyum, wata kuma babu, an liƙa ta ne kai tsaye a jikin jirgin. Duk wanda ya riƙe tsohon jirgi na 'yan shekaru, wata rana sai ya farka ya tarar da katifarsa jiƙe, ya ɗaga kai ya ga ɗigon ruwa na bin ƙasan taga.

Tagata na yoyo. Ba zan iya bin gefenta da silikon ta waje in huta ba?

Za ka iya, kuma za ka huta na wata uku ko huɗu. Daga nan ruwan ya dawo, ka ƙara wani a kan na farko, har gefen tagar ya zama kamar bangon da aka yi ta yi wa yaɓe a kan yaɓe. Abin da ya lalace yana ƙarƙashin tagar, tsakaninta da jikin jirgi, kuma shafe ta waje ba ya kaiwa can. Mafi muni shi ne silikon ɗin da ka shafa yana barin wani maiƙo a jikin faiba wanda zai hana kowane irin gam kamawa ranar da ka tashi yin aikin gaske. In kana tsakiyar tafiya ne kuma dole ka tare ruwa, liƙa salatif mai ƙarfi ta waje. Ba shi da kyan gani, amma ba ya ɓata maka aikin gobe.

Kafin ka ɗora wa tagar laifi ma, gwada ta. Sa wani ya zauna a ciki, kai kuma ka riƙa zuba ruwa da tiyo daga ƙasan tagar kana hawa sama a hankali. Sau da yawa ruwan daga wani sukurun da ke rufin ɗaki yake shiga, ya biyo ta cikin bango, ya ɓullo a taga.

Ta yaya zan gane robar ce ta mutu, ko kuwa likin ne kawai ya saki?

Duba ta da hantsi, rana na dukanta a kaikaice. In ka ga ƙananan tsage-tsage masu ƙyalli a cikin naman robar, kamar saƙar gizo-gizo, to ta gaji, kuma ba a goge wannan. Haka nan in akwai tsaga da ta tashi daga ramin sukuru ta nufi gefe. Amma in dusashewa ce kawai ta sama ko ƙarzar yau da kullum, ana iya goge ta ta dawo.

Ra'ayina dai, in tagar ta haura shekara goma sha biyar kuma ga shi za ka cire ta, ka sa sabuwa. Wahalar aikin tana wurin cirewa da kankarewa da liƙawa. Kuɗin robar shi ne ƙaramin kaso, kuma tsohuwa kan karye a hannunka wajen ɓamɓarowa.

Akirilik zan saya ko folikabonet?

Akirilik shi ne wanda aka fi sani da Plexiglas ko Perspex, kuma tun shekarun 1930 ake sayar da shi. Shi ne dai wanda masu yin allon talla mai fitila ke amfani da shi a shagunanmu. Folikabonet kuwa ana kiransa Lexan ko Makrolon. Masu sayarwa za su gaya maka folikabonet ba ya fashewa ko da guduma, kuma ba ƙarya suke ba. Abin da ba su cika faɗa ba shi ne yana saurin ƙarzuwa, har tsumma mai ɗan yashi na iya yi masa zane, kuma rana na mayar da shi ruwan ɗorawa in ba a yi masa rufin kariya daga masana'anta ba. Ya kuma fi akirilik laushi, saboda haka igiyar ruwa mai ƙarfi na iya lanƙwasa shi har gefensa ya zame daga inda aka liƙa shi.

Akirilik ya fi jure rana nesa ba kusa ba, ya fi tauri, kuma in ya ƙarzu ana goge shi. Shi ya sa yawancin masu ƙera jirage da masu yin ƙofofin rufi suka zaɓe shi. Sai dai kala biyu ne: akwai wanda aka zuba a mazubi, akwai wanda aka matso ta inji. Nemi na zubi. Ya fi tsada kaɗan, amma ya fi daɗin yanka da hudawa, kuma bai cika yin saƙar gizo-gizon nan da wuri ba. Tambayi mai shago kai tsaye, ko ka karanta takardar da ke manne a jikin fallen.

Wane kauri ya dace?

Kada ka sauka ƙasa da kaurin wanda ka cire. A ƙananan jirage ana yawan ganin milimita 6 zuwa 10, manyan tagogi kuma 12. Akwai ƙa'idar ISO 12216 da ta tsara ƙarfin tagogin ƙananan jirage, wadda ke duba girman tagar, wurin da take a jikin jirgi, da irin ruwan da aka ƙera jirgin dominsa. Mai shirin ƙetare teku ya kamata ya duba ta, ya kuma tanadi allon katako da zai rufe babbar taga da shi in guguwa ta taso.

Me ake nufi da cewa taga tana motsi? Ai a manne take.

Nan ne kan zancen duka, kuma wanda ya gane wannan ya gane sauran. Roba tana buɗewa da zafi, ta tsuke da sanyi, fiye da faiba ko alminiyum sosai. Fallen akirilik mai tsawon mita ɗaya yana ƙaruwa da kusan milimita 0.07 a kowane digiri ɗaya na zafi. Ka ɗauki taga mai duhu da ta kwana cikin sanyin asuba, sannan rana ta take a kanta har ba ka iya ajiye tafin hannu a jikinta: bambancin digiri 40 ba abin mamaki ba ne. Lissafa: kusan milimita 3 ke nan. Jikin jirgin shi ma yana buɗewa, amma bai kai rabin haka ba. Saura wajen milimita 2, wato kowane ƙarshe na tagar yana zamewa da misalin milimita ɗaya a kan bangon da ke ƙarƙashinsa, da safe ya tafi, da dare ya dawo, kullum na Allah. Ga kuma murɗewar jirgin kansa in iska ta cika filafilai.

To ka duba abin da ke faruwa da gam. In ka matse tagar har gam ɗin ya zama siriri kamar takarda, kana neman abu mai kaurin rabin milimita ya miƙe milimita ɗaya. Ba zai iya ba, sai ya yage ko ya saki. In kuwa kaurinsa milimita 4 ne, wannan motsin bai wuce rubu'in kaurinsa ba, zai yi ta bi yana dawowa shekara da shekaru. Yawancin tagogin da na ga sun sake yoyo bayan gyara, ba gam ɗin ne mara kyau ba. Mai aikin ne ya ɗaure sukuru tamau har ya tatse gam ɗin waje, yana ganin ƙarfin ɗauri shi ne ingancin aiki.

Saboda haka ana sa 'yan ƙananan matashai na roba tsakanin taga da bango, domin su hana ta kwanciya gaba ɗaya. Tsawon taga shi ke nuna kaurin matasan: ƙarama na iya wadatuwa da milimita 3, doguwa tana son 5 ko 6. In tagar tana zama ne a cikin wani lungu da aka yi mata a jikin jirgi, ka rage ta ta yadda za a sami tazarar milimita 5 ko fiye a kewaye. Kuma taga mai duhu sosai ta fi mai haske shan zafi, abin da mai jirgi a Legas ko Bahar Maliya ya kamata ya sa a lissafi.

Wane gam zan yi amfani da shi?

Hanyoyi huɗu ne aka saba da su, kuma kowace tana da masu rantsuwa da ita.

Ta farko Dowsil 795, wanda tsofaffin ma'aikata ke kira Dow 795. Silikon ne da aka yi don liƙa gilasan dogayen gine-gine. Yana kama akirilik ba tare da wani share fage na musamman ba, rana ba ta cin sa, kuma yana jure motsi har rabin faɗin wurin da aka cika da shi. Aibinsa jinkiri: yana ɗaukar kwana 7 zuwa 14 kafin ya nuna, cikakken kamu kuma sai mako biyu zuwa uku. Shi na fi ba mai yin aikin da kansa shawara, don ya fi yafe kuskure.

Ta biyu Sikaflex 295 UV, wanda aka yi musamman don tagogin roba na jirage. Yana da kyau ƙwarai in an bi matakansa: a goge, a shafa ruwan share fage, a shafa baƙin firaima, a jira mintocin da aka rubuta. Ka tsallake mataki ɗaya, wata rana ka ga tagar ta ɗago cikin ruwan sanyi kamar ba a taɓa liƙa ta ba.

Ta uku salatif mai kama fuska biyu na 3M da ake kira VHB. Shi ke riƙe tagar, sannan a cika gefe da silikon don tare ruwa. Amfaninsa shi ne tagar na tsayawa nan take, ba sai an tokare ta ba, kuma kaurinsa da kansa yana ba da tazara. Nau'in 4991 yana da kaurin milimita 2.3. Cikakken ƙarfinsa na zuwa bayan awa 72. Amma fa ba shi da gyara. Inda ya taɓa, nan ya zauna, ko a karkace ne.

Ta huɗu butil, wani abu mai danƙo kamar cingam da ke zuwa a naɗe. Ba ya bushewa har abada, kuma ba gam ba ne, ba ya riƙe komai. Wurinsa shi ne ƙarƙashin firam ko tagar da noti ke riƙe da ita. A nan kam babu kamarsa, kuma in ka tashi cirewa bayan shekaru ba zai ba ka wahala ba.

Waɗanne ne zan guje wa?

Silikon ɗin nan mai arha na masu haɗa tagar alminiyum ta gida, wanda ke warin binega in an matso shi. Ba ya kama roba da kyau. Sai gam nau'in folisalfaid, wanda ke da amfani a wasu wurare na jirgi amma yana cin akirilik da folikabonet. Sai 3M 5200, wanda mutane ke ɗauka maganin komai ne. A jikin faiba yana kamawa har sai ka ɓalle fatar jirgin kafin ya saki, a jikin robar taga kuma ba abin dogaro ba ne. Ka samu asara biyu ke nan.

Yaya ake cire tsohuwar ba tare da an ji wa jirgin ciwo ba?

Liƙa salatif ninki biyu a kewayen tagar don kare fenti. Kwance sukurori in akwai. Sannan ka cusa siririyar wuƙar fenti ko zaren kamun kifi mai ƙarfi a bayan tagar, ka riƙa ja kamar zarto, kana cusa 'yan tsinkayen katako a inda ka riga ka yanke don kada ya sake mannewa. Kada ka sa sukudireba ka ɓanɓara, zai ɓalle faiba. Yi ƙoƙari ta fito ɗungurungum, domin ita ce ma'aunin da za a zana sabuwa a kai. In ta karye, zana ramin a kwali kafin ka ci gaba.

Da tagar ta fita, duba bakin ramin. Wasu jirage bangon ɗakinsu fata biyu ce ta faiba da katakon balsa ko falawud a tsakiya. In katakon ya yi baƙi ya yi laushi, ruwa ya daɗe yana shiga. Ƙwaƙule ruɓaɓɓen, bar wurin ya bushe sarai, ka cike da efoksi mai kauri (gam mai haɗi biyu da ke daskarewa ya yi tauri). In ka liƙa sabuwar taga a kan jiƙaƙƙen bango, ka binne matsalar ne kawai.

Har wane mataki zan kankare tsohon gam?

Har sai babu ko ɗigo. Wannan shi ne sashen da ya fi cin rai, kuma taga ɗaya na iya cinye maka yini. Fara da makankarin roba, sannan maganin narkar da silikon, sannan samfefa. Jera su haka, don in ka fara da samfefa za ka tura maiƙon silikon cikin faiba ne. Ga gwaji mai sauƙi: yayyafa ruwa a wurin. In ya kwanta ya bazu, wurin ya tsarkaka. In ya dunƙule ƙwaya-ƙwaya kamar a kan ganyen gwaza, da sauran aiki.

A jikin faiba kana iya gogewa da asiton. A jikin robar tagar kuwa kada asiton ko tina su kusance ta, nan take za ta yi hazo ko ta tsattsage. Ko sifirit ma a yi hattara da shi a bakin da aka yanka.

Ni zan yanka da kaina ko in kai shago?

In akwai masu allon talla kusa da kai, kai musu tsohuwar su fitar maka da irinta. Gaya musu abu biyu: kada su ɓare takardar da ke jikin fallen, kuma kada su goge bakin da wuta. Suna son yin haka don baki ya yi ƙyalli, amma wutar na barin gajiya a cikin robar, kuma daga nan tsaga ke farawa. A bi bakin da samfefa mai laushi, a kashe kaifinsa, a zagaye kusurwoyi.

Hudawa ita ce inda aka fi yin asara. Bakin injin huda na ƙarfe yana cafkar akirilik ya tsaga shi daidai lokacin da zai ɓulla ta baya. Na taɓa rasa falle guda a rami na ƙarshe cikin goma sha huɗu, saboda gaggawar in gama kafin magariba. A dakushe kaifin bakin kaɗan a kan dutsen wasa ko a sayi na roba, a shimfiɗa katako a ƙarƙashi, a tafi a hankali ba dannawa.

Dole ne a sa sukuru?

Ba dole ba ne. Gilasan benaye masu hawa da yawa gam ke riƙe da su, kuma jirage na zamani da yawa ba ko sukuru ɗaya a tagoginsu. Kowane rami ƙofa ce ta ruwa kuma mafarin tsaga. In bakin da tagar za ta hau ya kai faɗin santimita biyu da rabi ko fiye, liƙi kaɗai ya isa a yawancin ƙananan jirage, sai a cike tsofaffin ramukan da efoksi.

In kuwa bakin siriri ne ko hankalinka bai kwanta ba, sa sukuru, amma ramin da ke jikin robar ya fi sukurun faɗi da milimita 2 ko 3, don tagar ta sami wurin zamewa. Yi amfani da mai faffaɗan kai da wosha, na ƙarfen da ba ya tsatsa. Kada ka yi amfani da mai kan mazurari wanda ke nutsewa cikin roba, don yana aiki kamar tsinken fasa itace. Ɗaure da hannu, da ka ji ya taɓa ka tsaya.

Mene ne amfanin baƙin layin da ake yi a gefen taga?

Abu biyu. Yana ɓoye gam da salatif don kada a hango su ta cikin roba, kuma yana kare gam daga hasken rana da ke ratsowa. Ga Sikaflex wannan wajibi ne. Ga silikon kuwa ado ne kawai. In za ka yi fenti, yi shi ta fuskar ciki, da fentin da aka yi don roba, kuma ka tuna gam ɗinka yanzu fentin yake riƙe da shi. Gwada a guntun da ya rage: fenta, liƙa, jira mako biyu, ja da ƙarfi ka gani.

Yaya ranar liƙawa take tafiya?

Gwada komai a bushe tukuna. Ɗora tagar, daidaita ta, manna 'yan katakai biyu a ƙasa da za ta zauna a kai don kada ta zame, yi alama. Daga ciki, bi bakin ramin da fensir a kan takardar kariya, ka yanke takardar a hankali ka ɓare gefen da gam zai hau kawai. Ɗan karce wannan gefen da samfefa. Liƙa salatif a jikin jirgi kewaye da inda gam zai tsaya. Manna matasan tazara.

Sannan matsa gam, layi mai kauri wanda bai yanke ba ko'ina. Da Dowsil 795 kana da minti 20 zuwa 30 kafin ya fara yin fata, a rana mai zafi ma bai kai haka ba, don haka ku kasance ku biyu. Ɗora tagar a kan katakan, danna har ta taɓa matasai, ka ga gam ya ɓullo ta kowane gefe. Tokare ta da sanduna daga wayar da ke kewaye da jirgi, ko a jingina mata buhunan yashi. Cika gefe, lailaye da bayan cokali, ka ɓare salatif tun gam na ɗanye. In ka bari ya bushe, sai ka sa reza, kuma reza kusa da sabuwar taga ba ta da daɗi.

Zaɓi safiya bayan raɓa ta bushe, ko ka yi rumfa. Tagar da aka liƙa da tsakar rana tana a buɗe iyakar buɗewarta, da dare ta tsuke ta ja ɗanyen gam.

Bangon ɗakina a lanƙwashe yake. Robar za ta bi?

In lanƙwasar kaɗan ce, za ta bi a sanyi, sai dai kullum tana neman miƙewa, saboda haka tokaran su daɗe, ko a sa sukurori na wucin gadi a ƙarshen biyu har gam ya nuna. Falle mai kauri ya fi gardama. Mai milimita 6 bai kamata a tanƙwara shi fiye da gefen da'irar da ke da mita biyu daga tsakiya zuwa baki ba. In lanƙwasar ta fi haka, ko ta fuska biyu ce, sai an gasa robar a tanda an kwantar da ita a kan mazubi, kuma wannan aikin shago ne.

Yaushe zan iya fita da jirgin?

Bar tokaran aƙalla kwana biyu zuwa uku, mai lanƙwasa kuma mako guda. Silikon da danshin iska yake nuna, daga waje zuwa ciki, saboda haka samansa na iya yin tauri alhali cikinsa ɗanye ne. A busasshen yanayi ya fi jinkiri. Jira mako biyu kafin ka kai shi inda igiyar ruwa za ta dake shi. Takardar kariya kuwa kada ta wuce 'yan kwanaki a rana, in ba haka ba za ta gasu a jikin robar.

Da me zan riƙa wanke ta?

Ruwan daɗi mai yawa da farko, don gishiri da ƙura su sauka, sannan sabulun wanke kwano kaɗan da tsumma mai laushi. Kada a goge ta a bushe. Ruwan goge gilashi na kanti mai amoniya shi ne babban mai kashe tagogin roba, kuma yawanci mai taya ka wanke jirgi ne zai fesa shi da kyakkyawar niyya, don haka ka gaya masa tun ranar farko. In jirgin zai daɗe a ajiye, ɗinka wa tagogin murfin tamfol wanda launinsa ba mai duhu ba ne, a ɗaura ta yadda iska ba za ta riƙa goga shi a jikin robar ba.